Yadda Za Ka Warware Ma'anar Sunayen Kimiyya a Ilimin Halittu

Duk wanda ya taɓa buɗe littafin ilimin halittu, ko ya karɓi takardar sakamakon gwaji daga asibiti, ya ci karo da sunaye irin su Staphylococcus aureus da Plasmodium falciparum, masu karya harshe kafin a kai ƙarshensu. Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne hadda: a yi ta maimaitawa har a shiga jarrabawa, a fito, bayan mako biyu komai ya bi iska. Wannan asara ce, domin ba haka kawai aka jefa waɗannan sunaye ba. Kusan kowanne an gina shi ne da gutattsarin kalmomin Latin da Girkanci, kuma gutattsarin ba su kai yawan da ake zato ba. Su ne dai ke ta dawowa cikin sabuwar shiga. Wanda ya iya raba suna gida-gida zai karanto siffar halittar, ko wurin da aka fara samunta, ko mutumin da aka karrama da ita, tun bai ga hotonta ba. Kuma ba sai ka iya Latin ba.

Mataki na farko: gane fasalin sunan

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya rayu daga 1707 zuwa 1778. Kafin shi, sunan tsiro guda kan zama jimla mai tsawo da ke bayyana ganye da fure da komai. Shi ne ya tabbatar da tsarin kalma biyu, ga tsirrai a littafinsa Species Plantarum na 1753, ga dabbobi kuma a bugu na goma na Systema Naturae a 1758. Daga waɗannan shekaru biyu ake fara lissafin sunayen da aka amince da su.

Kalmar farko ita ce sunan zuri'a, kuma da babban baƙi take farawa. Ta biyu ita ke ware nau'i guda a cikin zuri'ar, da ƙaramin baƙi ake rubuta ta ko da daga sunan mutum ko na ƙasa aka samo ta. A bugawa ana karkatar da haruffan duka biyun, a rubutun hannu kuma a ja musu layi a ƙasa. Zaki Panthera leo ne, damisa Panthera pardus. Kalmar farko ta riga ta shaida maka 'yan gida ɗaya ne.

Kalma ta biyu ba ta tsayuwa ita kaɗai. Idan ka ce indica ka yi shiru, ba ka faɗi komai ba, domin tsamiya Tamarindus indica ce, mangwaro Mangifera indica, darbejiya kuma Azadirachta indica. Haka nan ka yi hattara da gajarta suna. Idan ka ga E. coli, galibi bakteriyar Escherichia coli ake nufi, amma akwai Entamoeba coli, wata halitta dabam da ita ma a hanji take zama. Koma baya a rubutun ka nemo inda aka fara kawo sunan a cike.

Mataki na biyu: fara daga ƙeya

Kafin ka taɓa saiwar kalma, duba ɗafa-ƙeyarta, don ita ke gaya maka irin abin da ke gabanka. Kalmar da ta ƙare da -idae sunan dangin dabbobi ce: Felidae dangin kyanwa da zaki, Canidae dangin kare da dila, Culicidae dangin sauro. Wadda ta ƙare da -aceae dangin tsirrai ce (ko na funfuna ko na bakteriya), kamar Fabaceae daga faba, wato wake, da Poaceae daga poa, wato ciyawa.

A kalmomin jiki da na sinadarai ma haka ne. -ose alamar sukari ce, -ase kuma alamar sinadarin da ke hanzarta wani aiki a jiki, sau da yawa aikin farfasa abin da ya ɗauki sunansa. Don haka lactose sukarin madara ne, lactase kuma shi ke farfasa shi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma ɗaya abinci ne, ɗaya ma'aikaci. -itis kumburi ne: hepatitis na hanta, gastritis na tumbi, dermatitis na fata. -cyte ƙwayar halitta ce, -aemia abin da ya shafi jini, -lysis kuma fashewa ko narkewa. Da waɗannan shida kaɗai, babban ɓangare na takardar asibiti zai buɗe maka.

Mataki na uku: yanka kalmar a gaɓoɓinta

A nan aikin yake, kuma a nan daɗinsa yake. Doguwar kalma yawanci saiwa biyu ce ko uku da aka ɗinke da wasali guda. Idan saiwoyin na Girkanci ne, wasalin -o- ne. Idan na Latin ne, -i- ne. Nemo wannan wasali, ka sa wuƙa a wurin.

Ɗauki erythrocyte. Yanka shi: erythr, o, cyte. Ja, da ƙwayar halitta: jar ƙwayar jini ke nan. Leukocyte fara ce, domin leukos fari ne. Dorina Hippopotamus amphibius ce: hippos doki, potamos kogi, amphi ɓangare biyu, bios rayuwa. Dokin kogi mai rayuwa a ruwa da tudu. A ɓangaren Latin kuwa, carn-i-vore maci nama, herb-i-vore maci ciyawa.

Yanzu mu tsaya a kan Staphylococcus aureus, don ka ga yadda suna ke zama hoto. Staphyle a Girkanci nonon inabi ne, kokkos kuma ƙwaya. Idan aka shafa wannan bakteriya a gilashi, aka yi mata rinin Gram, wato rinin da ake bambance bakteriya da shi a ɗakin gwaji, aka sa ta ƙarƙashin madubin likita, abin da ido ke gani shi ne ƙananan ƙwayoyi masu launin shunayya, kewayayyu, sun cure wuri guda gungu-gungu, wasu uku, wasu goma, ba layi ba tsari. Haka take zama domin tana rabuwa ta fuskoki dabam-dabam, 'ya'yan kuma ba sa sakin juna. Aureus daga aurum ne, zinariya: idan aka shuka ta a farantin gwaji ta kwana, ɗigo-ɗigon da ke tsirowa sukan fito da launin rawaya mai ɗan sheƙi. 'Yar'uwarta a kama, Streptococcus, ta fuska ɗaya take rabuwa, sai ƙwayoyin su jeru kamar sarƙa, kuma streptos na nufin abin da aka murɗa ko ya tanƙwaru. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ƙara rikita su biyun ba, don abin da zai gani a madubi yana rubuce a cikin sunan.

Haka Helicobacter pylori, bakteriyar da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka danganta da gyambon ciki a farkon shekarun 1980, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Helix murɗaɗɗen abu, bakterion 'yar sanda, pyloros kuma mai tsaron ƙofa, sunan da aka ba mafitar tumbi zuwa hanji. Siffarta da mazauninta duk suna nan. Falciparum, sunan ƙwayar da ke kawo zazzaɓin cizon sauro mafi tsanani, daga falx ne, lauje, da parere, haifarwa, saboda a wani zango na rayuwarta a cikin jini takan lanƙwashe kamar lauje. Tsutsar tsargiya kuwa Schistosoma haematobium ce: schistos tsagagge, soma jiki, domin namijin yana da wani tsagi a tsawon cikinsa inda macen, wadda ta fi shi siranta, ke kwanciya, haematobium kuma mai rayuwa a jini. Likitan Jamus Theodor Bilharz ne ya gano ta a Alƙahira a 1851.

Abubuwan cikin ƙwayar halitta ma da abin da ido ya gani aka raɗa musu suna. Chromosome, kalmar da Wilhelm Waldeyer ya ƙirƙira a 1888, jiki mai launi ne kawai, saboda yana shan rini sosai. Mitochondria daga mitos, zare, da chondrion, 'yar ƙwaya. Lura cewa babu ɗaya daga cikinsu da ya faɗi aikin abin. A lokacin ba a san aikin ba tukuna.

Saiwoyin da na ga ya fi kyau a fara riƙewa su ne na lamba, na launi da na sassan jiki. Lamba: mono da uni ɗaya, di da bi biyu, tri uku, tetra da quadri huɗu, penta biyar, hexa shida, octo takwas, poly da multi da yawa. Launi: albus da leuco fari, niger da melano baƙi, ruber da erythro ja, viridis da chloro kore, flavus da xantho rawaya. Jiki: cephal kai, odont da dent haƙori, pod da ped ƙafa, pter fiffike, derm fata, rhin hanci, phyll da foli ganye, anth da flor fure, carp 'ya'yan itace, sperm iri, rhiz saiwa. Ka ga abubuwa da yawa suna da kalma biyu, ɗaya ta Girkanci ɗaya ta Latin. Baƙin karkanda ya kwashi duka biyun: Diceros bicornis, mai ƙaho biyu da Girkanci, mai ƙaho biyu da Latin. Sai ɗafa-goshi masu nuna wuri da gwargwado: endo ciki, ecto da exo waje, epi bisa, hypo ƙasa ko ƙaranci, hyper wuce kima, a ko an babu.

Mataki na huɗu: tambayi kalma ta biyu, me kike faɗa?

Kalma ta biyu kusan kullum ɗaya take cikin huɗu: siffa, wuri, mutum, ko amfani da mazauni.

Ta siffa ita ce mafi yawa. Kuka Adansonia digitata ce, digitus yatsa, saboda ganyenta ya rarrabu kamar yatsun hannu. Grandiflora mai manyan furanni, angustifolia mai siririn ganye, spinosa mai ƙaya. Ɗafa-ƙeyar -oides na nufin mai kama da, -fera kuma mai ɗauke da. Mangifera ke nan, mai ɗauke da mangwaro.

Ta wuri ana gane ta da -ensis, -ense, -ica ko -ana: senegalensis, canadensis, japonica, africana. Kurkunu Dracunculus medinensis ne, ɗan ƙaramin dodo na Madina. Wani lokaci kuma ƙeyar mallaka ake sa wa sunan wurin, kamar Anopheles gambiae, sauron Gambiya, da Aedes aegypti, na Masar. Sunan Anopheles kansa ya dace da shi: an babu, ophelos amfani.

Ta mutum tana ƙarewa da -i ko -ii idan namiji ne, -ae idan mace ce, -orum idan mutane da yawa ne. Idan a sunan zuri'a aka karrama mutum, sai ka ga -ia ko -ella. Adansonia ta Michel Adanson ce, Bafaranshen da ya yi shekaru yana nazarin tsirrai a Senegal a tsakiyar ƙarni na 18. Escherichia ta Theodor Escherich ce, likitan yara da ya bayyana ta a 1885, coli kuma na babban hanji. Yersinia pestis, mai kawo annobar da ɓeraye ke yaɗawa, ta Alexandre Yersin ce wanda ya ware ta a Hong Kong a 1894. Salmonella ba ta da alaƙa da kifin salmon. Daga Daniel Salmon ne, likitan dabbobi na Amurka. Ka'idar a nan mai sauƙi ce: idan ka yanka kalma ta ƙi yankuwa, ka ga haruffa irin su sch, w ko k a jere yadda Latin ba ta saba ba, to daina wahalar da kanka da ƙamus, sunan mutum ne.

Ta amfani da mazauni kuwa 'yan kaɗan ne kuma suna yawan dawowa: sativa abin da ake nomawa, edulis da esculentus abin ci, vulgaris gama-gari, sylvestris na daji, aquaticus na ruwa, domesticus na gida. Officinalis ta fito daga officina, ɗakin ajiyar magunguna a gidajen ibadar Turai na da, don haka tsiron da ke ɗauke da ita an taɓa sayar da shi a matsayin magani, kamar citta, Zingiber officinale. Kada canjin ƙarshen kalma ya ruɗe ka. Sifar Latin tana bin jinsin sunan da take siffantawa, namiji ko mace ko wanda ba kowanne ba, shi ya sa ake da Cucumis sativus, Oryza sativa da Allium sativum. Ma'anar ɗaya ce.

Mataki na biyar: kiyayi saiwoyi masu kama da juna

Inda masu saurin yanke hukunci ke faɗuwa ke nan. Homo a Latin mutum ne, kamar a Homo sapiens, amma homo a Girkanci iri ɗaya ne, kamar a homozygous. Ovi na ƙwai yana cikin oviparous, mai saka ƙwai, amma Ovis tunkiya ce. Aur na iya zama zinariya, yana iya zama kunne, daga auris. Mel zuma ce, melan baƙi ne. Ped ƙafa ce a Latin, amma a Girkanci tana iya fitowa daga pais, yaro, ko pedon, ƙasar noma. Niger a cikin Aspergillus niger baƙar funfuna yake nufi, ba kogi ko ƙasa ba. Maganin wannan shi ne ka duba maƙwabciyar saiwar, domin galibi Girkanci da Girkanci ake haɗawa, Latin da Latin, sannan ka tambayi kanka ko ma'anar ta dace da halittar. Idan ba ta dace ba, sake yankawa.

Mataki na shida: karanta abin da ke bayan suna

Sau da yawa za ka ga wani suna ko harafi a bayan kalmomin biyu. Wanda ya fara bayyana halittar ne, L. kuma Linnaeus ke nan. A sunayen dabbobi, idan an sa shi cikin baka biyu, alama ce cewa an sauya wa halittar zuri'a bayan shi: Linnaeus ya kira zaki Felis leo, daga baya aka mai da shi Panthera, shi ya sa sunan Linnaeus da shekarar 1758 ke cikin baka. Sp. na nufin an san zuri'ar ba a tantance nau'in ba, spp. nau'o'i da yawa, subsp. da var. kuma rukunai a ƙarƙashin nau'i.

Mataki na bakwai: kada ka mai da ma'ana hujja

Wannan shi ne matakin da na fi so kowa ya riƙe, domin wanda ya fara jin daɗin warware sunaye yakan zarce ya ɗauka duk abin da suna ya faɗa gaskiya ne. Suna shaida ce ta abin da mai raɗa shi ya gani ko ya zata a ranar, kuma dokokin raɗin suna sun fifita wanda ya riga, ba wanda ya fi daidai ba.

A 1892 Richard Pfeiffer ya samo wata bakteriya a jikin masu mura mai tsanani, ya ɗauka ita ce sanadin cutar. A 1933 aka ware ƙwayar bairos da ke kawo ta a jikin mutum, amma har yau sunan bakteriyar Haemophilus influenzae. A 1924 Henry Fairfield Osborn ya raɗa wa wani dainoso da aka tono a hamadar Gobi suna Oviraptor, ɓarawon ƙwai, don an same shi a kan sheƙar ƙwai da aka zata na wata dabba ne. A shekarun 1990 aka samu irin ƙwan da ɗan tayi a ciki, aka kuma tono 'yan danginsa a kwance bisa ƙwai, ƙafafu a naɗe, hannaye a buɗe sun rufe sheƙar. Kwanci yake yi, ba sata ba, amma sunan ya zauna. Linnaeus da kansa ya gamu da wannan doka: a 1758 ya kira ƙudan zuma Apis mellifera, mai ɗauke da zuma, a 1761 ya so ya gyara zuwa mellifica, mai yin zuma, tunda ruwan fure take ɗaukowa ba zuma ba. Na farkon ne ake amfani da shi.

Sunayen wuri sun fi kowanne yaudara. Rattus norvegicus ba daga Norwe ya fito ba, daga Asiya ne. Capsicum chinense barkonon nahiyar Amurka ne, ba na Sin ba. Tsamiya ta ɗauki Indiya har sau biyu, domin Tamarindus daga Larabci ne, tamr hindi, dabinon Indiya, ga kuma indica, alhali masana da yawa na ganin asalinta Afirka ne. Don haka kada ka taɓa rubuta a jarrabawa ko a rahoto cewa halitta daga ƙasa kaza take don kawai sunanta ya ce haka. Mafi haɗari kuma, kada ka ci wani tsiro ko ka sha shi a matsayin magani don ka ga edulis ko officinalis a sunansa. Rogo Manihot esculenta ne, abin ci, amma ɗanyensa, musamman mai ɗaci, yana ɗauke da sinadarin da ke sakin gubar sayanayid idan ba a sarrafa shi yadda ya kamata ba.

Sunaye kuma suna canzawa idan binciken ƙwayoyin gado ya nuna dangantakar ba yadda aka zata take ba. Bagaruwa da tsofaffin littattafai ke kira Acacia nilotica yanzu Vachellia nilotica ce, bayan doguwar taƙaddamar da babban taron masana tsirrai na duniya ya rufe a Melbourne a 2011, inda aka bar sunan Acacia ga itatuwan Ostireliya. Kaɗanya ma za ka same ta a matsayin Butyrospermum parkii a wasu littattafai, Vitellaria paradoxa a wasu. Itace ɗaya ce.

Mataki na takwas: tabbatar, sannan ka rubuta

Bayan ka yi hasashenka, duba. Ga tsirrai akwai Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, wanda ke nuna sunan da aka amince da shi da tsofaffin sunaye. Ga halittu baki ɗaya akwai GBIF da Catalogue of Life. Ga bakteriya akwai LPSN, wanda ya fi su amfani a wannan aiki domin yana kawo asalin kowace kalma gaɓa-gaɓa. Duka kyauta ne a intanet. Shawarata ita ce ka fara hasashe kafin ka duba, don abin da ka yi ƙoƙarinsa da kanka ya fi zama a kai. Sannan ka tanadi ɗan littafi, ka tsara shi da saiwoyi ba da sunayen halittu ba: shafi guda na pter, ka riƙa ƙara Diptera mai fiffike biyu, Lepidoptera mai fiffike mai ɓamɓaroki, Chiroptera mai fiffike a hannu, wato jemage.

Gwada duk matakan a kan Trypanosoma brucei gambiense, ƙwayar da ke kawo ciwon barci. Kalma uku ce, ke nan ta ukun rukuni ne a ƙarƙashin nau'i. Ta farko ta yanku a kan -o-: trypanon abin huda, soma jiki, saboda yadda take murɗawa tana kutsawa tsakanin ƙwayoyin jini. Ta biyu ta ƙare da -i kuma ta ƙi yankuwa, to mutum ne: David Bruce, likitan sojan Birtaniya da ya nuna a ƙasar Zulu, a tsakiyar shekarun 1890, cewa ƙudan tsando ne ke ɗaukar wannan ƙwaya zuwa jikin shanu. Ta uku ta ƙare da -ense, to wuri ne: Gambiya, inda aka gan ta a jinin wani majiyyaci, Joseph Everett Dutton kuma ya raɗa mata suna a 1902. Sai ka kawo mataki na bakwai ka duba taswirar yaɗuwarta, za ka tarar cewa a 'yan shekarun nan mafi yawan masu kamuwa da ita a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango suke.